Ranar Asabar, Ki Kai Wa Gwaggo Da Hannunki

Ummi, ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, da fatan gajiyar haɗa kaya ta bi lafiya. Allah ya sa tafiyar da za ki yi ranar Lahadi ta zama alheri, ya tsare ki a hanyar Abuja, ya kuma tsare ki bayan kin isa, don can ne ma tsarin ya fi wuya. Allah ya sa wa aikin da kika samu albarka, ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronsa.

Na san abin dariya ne uwa ta rubuta wa ɗiyarta wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Amma kin san halinmu. Duk maganar da muka fara a tsaye, a tsaye take mutuwa. Ke kina danna waya kina cewa "Mama, na gane," ni kuma muryata tana hawa kamar ina gaban aji. Takarda dai ba ta ɗaga murya.

Kin roƙe ni abu biyu saboda walimar bankwana da za ki yi ranar Asabar: in nuna maki yadda ake jera teburin ɗebi-da-kanka, in kuma rubuta maki yadda nake fanken ayaba da abarba. Zan yi duka biyun. Sai dai ki sani walimar nan ba ta ƙawayenki ba ce, ko da ke haka kike ganinta. Gwaggonki Dije, yayar Abbanki, ta ce za ta zo. Rabonta da sa wani abu na gidan nan a baki tun walimar saukarki, kina yarinya. Idan ta zo ranar Asabar ta tashi ba ta ci ba, ba na jin za a ƙara samun wata dama. Ta tsufa, ke kuma tafiya za ki yi. Ni ba wa ba ƙane, kin sani. Mutanen Ƙofar Guga, 'yan gidan su Abbanki, su kaɗai ne danginki, kuma inda Gwaggo ta sa ƙafa nan suke sawa.

Bari in fara da dalilina, kada ki ɗauka burga ce kawai ta sa na kawo tsarin nan gidanmu. Akwai burga a ciki, amma ba ita kaɗai ba. Na taso ina bin Innata gidajen biki. Mijinta ya rasu, zanen fitarta guda ne, kowa ya san shi. A kowane biki akwai mai rabo, wata dattijuwa zaune kan kujera 'yar tsugunno a gaban tukunya, ludayi a hannu, idonta kuma shi ne ma'auni. Ta dubi mai leshi ta zaɓo tsoka. Ta dubi mai atamfa ta sa abin da ya samu. Ta dubi Innata ta karkata tukunya ta kankaro. Inna takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya har da addu'a, ni kuwa ina gefe ina haɗiye abin da ba tuwo ba.

Bayan na gama jami'a na fara koyarwa, aka tura mu wani taro a Kaduna. A otal ɗin na ga dogon tebur da farin ƙyalle, kowa da farantinsa a hannu, farfesa da direbansa a layi guda, cokali guda suke ɗiba da shi. Na tsaya ina kallo kamar na ga maganin wata cuta da ta daɗe a dangi. Ba mai rabo, ba ido, ba leshi. Na dawo Katsina da wannan tebur a kaina, ina jiran dalili. Saukarki ta zama dalilin.

Abbanki ya ce, "Malama, mutanenmu fa ba za su tashi ba."

Na ce, "Yunwa za ta tashe su."

Ya dube ni, ya ɗauki hularsa, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Kin san shi, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yin gardama sau biyu a kan magana ɗaya ba.

Ran walimar, Gwaggo ta iso tun hantsi daga Ƙofar Guga, da ludayinta naɗe cikin ɗankwali. Ita ce mai rabon gidansu. Tun kafin in shigo dangin, babu suna ko aure ko sadakar mamaci da ba ita ta zauna gaban tukunya ba. Kada ki ɗauka waliyyiya ce. Ita ma idonta yana gane leshi tun daga zaure. Ta cire mayafi, ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "Malama, ina tukwanen?" Na yi murmushi irin na wadda ta yi karatu, na ce, "Yaya, yau hutawa za ki yi. Kowa da kansa zai zuba." Ta ce, "Kowa da kanshi?" Na ce ƙwarai. Ta mayar da ludayin cikin ɗankwali, ta shiga ɗakina, ta zauna kan darduma.

Teburin na kafa shi a tsakiyar tsakar gida, inda ko ta ina aka zauna ana ganinsa. Na tafa hannu na yi sanarwa. Na kuma hana 'yan matan gida kai wa kowa faranti, don kada a ɓata mani tsari. Abokan aikina suka miƙe, takalma na ƙwas-ƙwas, suka cika faranti, suna yaba mani wayewa. Sauran matan kuwa suka zuba wa tabarma ido kamar an rubuta wani abu a jikinta. Wa zai tashi a gaban surukarsa ya cika faranti, ido hamsin na auna masa loma? Iya Abu maƙwabciyarmu ta yi ƙarfin hali ta tashi, ta ɗebo shinkafar da ba za ta ishi kaza ba, ba ta taɓa nama ba, ta dawo da sauri kamar sata ta yi. Matalautan dangi, waɗanda don su na yi abin, ko ɗaya ba ta motsa ba. A hannun mai rabo da sun samu ƙanzo. A teburina ba su samu komai ba. Adalcin da na ɗauko tun daga Kaduna ya ciyar da waɗanda dama ba yunwa suke ji ba, sauran kuma yara suka yi wawa da shi bayan an watse.

Ina ta kai da kawo, ban tuna da Gwaggo ba sai da aka kira la'asar na gan ta tsaye ta yafa mayafi.

Na ce, "Yaya, kin dai ci ko?"

Ta ce, "Mun ci, Malama, mun ƙoshi. Ai kallo ma ci ne. Allah ya raya mana Uwata." Haka take kiranki, kin sani, tunda sunan mahaifiyarsu kika ci.

Washegari ta aiko da tuwo da miyar kuka, da saƙo: a ba Sani ƙanena, na ga jiya baƙi sun yi yawa ba a samu yin girki ba.

Abin da na koya, kuma na daɗe kafin in yarda na koya, shi ne tebur ba shi da baki. A garin nan ba wanda ke cin abinci don an ajiye. Sai an kawo, ya ce ya ƙoshi, a ce haba, ya ce wallahi yanzu ya ci a gida, a ce ko loma ɗaya don Allah, sannan ya wanke hannu. Wannan 'yar jayayyar ita ce girmamawar, abincin kuwa rakiya ne. Tebur ba ya cewa haba. Saboda haka ki yi teburinki, ba zan hana ki ba, na san kin riga kin yi hayar kujeru da rumfa. Amma ki raba baƙinki gida biyu a cikin ranki: waɗanda za su tashi da waɗanda ba za su taɓa tashi ba. Na farkon su ne na tebur. Na biyun naki ne, da ƙafarki da hannunki.

Ga yadda za ki jera shi. Kada ki sa shi a tsakiya. Ki kai shi lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin ajiya, ta yadda mai ɗiba zai juya wa jama'a baya, ba wanda ya ga yawan abin da ya zuba. Maza ki yi masu nasu a waje, ƙarƙashin rumfa. Faranti a farkon tebur, kuma kada su zama manya. Sai shinkafa da dambu da waina, sai miya, nama a can ƙarshe, lokacin da faranti ya riga ya cika. Ni a farko na sa nama ranar saukarki, mutum goman farko suka yi masa jana'iza. Ki tsayar da wata a kan naman ta riƙa miƙawa. Mai rabo ce, sunan kawai aka canza mata, amma kada ki gaya wa ƙawayenki. Cokula a ƙarshen tebur, don hannu ya samu damar zubawa. Zoɓo da kunun aya ki ware masu wani wuri daban, in ba haka ba layi ya cushe, wani ya sheƙa wa wata a jikin sabon ɗinki. Kowace kula da cokalinta. Kada ki fito da komai a lokaci guda, ki riƙa ƙarowa kaɗan-kaɗan, don wanda ya zo a makare kada ya tarar da filin yaƙi.

Kafin baƙi su fara zuwa, ki zuba na gidajen da ba za su iya fitowa ba ki aika: mai takaba a bayan layinmu, da tsohon nan mai ciwon ƙafa, da gidan liman. Ni a shekarun nan na daina aikawa, na ce wanda ke so ya zo ya ɗiba. Su ma suka daina aiko mani. Har yau idan aka yi suna a layin nan, ƙamshi kawai nake ji ta kan katanga.

Ki kuma ajiye leda a fili a gefen tebur. Wannan ma da tsada na saye shi. A wata walimar da na yi daga baya, don ban daddara ba, na hangi Hajara mai kitso tana zura nama cikin jakarta. Na ce daga inda nake, da muryar aji, "Hajara, a nan ake ci, ba a fita da shi." Ta tsaya. Ta buɗe jakar a gaban kowa, ta fito da naman, ta mayar kan tire ɗaya bayan ɗaya, ta lashe yatsa, ta ce, "Yi haƙuri Malama, na ɗauka irin na mutane ne." Ita ba ci ta zo yi ba. Mace mai 'ya'ya a gida ba ta iya haɗiye nama a gidan biki. Ki riga su faɗa da bakinki: "Don Allah a ƙulla wa yara." Idan kika faɗa, kyauta ce. Idan kika yi shiru, kin mayar da su ɓarayi.

To, fanken. Ki samu fulawa gwangwani biyu ki tankaɗe, ki sa bekin hoda ƙaramin cokali, da ɗan gishiri, da garin citta da kirfa daidai yadda hanci zai ji. Ki fasa ƙwai, ki zuba madara ko ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan kina juyawa, har ƙullun ya yi kaurin da idan kika tsoma cokali zai fito a rufe, ba a tsirara ba. Kada ki buga shi kamar ƙosai, juyawa kawai yake so, sai ki bar shi ya huta. Sukari kaɗan, don mai yawa yana ƙona bayan tun ciki bai nuna ba.

Ayaba ki sayi wadda ta fara baƙin ɗigo, irin wadda mai talla ke turawa ƙarƙashin tire don kunya. Ni da na fara, mai kyan fata nake zaɓa, sai ta fito da bauri kamar ɗanyen dankali. Ki yanka ta a karkace, kada ta yi siriri. Abarba kuma ki yi hankali da ita. Bayan kin fere kin yanka, ki shimfiɗa ta kan tsaftataccen ƙyalle ki danne ruwan, ki barbaɗa mata busasshiyar fulawa kafin ki tsoma a ƙullu. Tabon nan na wuyan hannuna, wanda kina ƙarama kike cewa taswirar Nijeriya, abarba ce da na jefa a mai da ruwanta. Mangwaro ba lokacinsa ba ne, kada ki wahalar da kanki. Dabino kuwa, idan kika cire ƙwallon kika jiƙa shi ya yi laushi, yana yi, tsofaffi ma sun fi son sa.

Man gyaɗa ya yi zurfi a kasko. Ki ɗiga ƙullu ki gani: idan ya nutse ya zauna, bai yi ba, idan ya yi baƙi nan take, ya wuce, idan ya taso yana 'yar rawa, to bismillah. Kada ki cika kaskon. Ki juya sau ɗaya, ki tsame da matsami, ki zuba a kwando mai ya tsane. Abu mafi muhimmanci: kada ki rufe shi. Ranar saukarki tun da safe na soya, na jibge a kula na danne murfi, don in nuna wa duniya ni mace ce mai tsari. Da aka buɗe, sai ka ce tsumman da aka manta a baho. Fanken 'ya'yan itace ba ya jira, kuma ba ya son tebur. Daga kasko sai hannu, daga hannu sai baki. Dole wani ya tsaya gaban wuta yayin da ake shagali, wani kuma ya riƙa zagayawa da shi da zafinsa. Ni zan tsaya gaban wutar. Zan gaya maki dalili.

Akwai abin da ba ki lura da shi ba don kina makarantar kwana. Tsarin nan bai tsaya a ranar walima ba, na shigo da shi cikin gida. Na sayi teburin cin abinci mai kujera shida da kuloli masu riƙe zafi. Ina dawowa daga aiki in dafa, in jera, in shige ɗaki da takardun jarabawa. Abbanki ya dawo daga ofis ya buɗe kula ya zuba wa kansa. Nakan ji ƙarar cokalinsa daga ɗaki, ita kaɗai, sai ka ce agogo. Bai taɓa cewa komai ba. Da na ga abincin yana kwana, na tambaye shi, ya ce shekaru ne, ciki ya rage. Ashe ta Ƙofar Guga yake biyowa. Ba ɓoyewa ya yi ba, ni ce ban tambayi inda yake tsayawa ba. Wata rana motata ta lalace na bi shi, na gani da idona. Gwaggo ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye tuwon da bai kai nawa kyau ba, ta zauna a gefensa tana kore masa ƙuda da mafici tana faɗa: "Kai Sani, wannan wane irin ci ne? Ƙara miya. Dubi wuyanka kamar na zalɓe." Mutum da furfurarsa, babban ma'aikacin gwamnati, yana dariya yana cewa "Yaya, na ƙoshi," yana kuma ƙarawa. Ban taɓa ganin ya ci abinci haka ba.

Na yi niyyar gyarawa. Na ce idan an yi hutu. Sai hutu ya zo da tarurruka, sai ƙarin girma, sai ciwonsa. A asibiti na fara ba shi abinci a baki, lokacin da ba ya iya haɗiyewa. Nasihata a nan gajeriya ce. Duk wanda za ki zauna da shi, miji ne ko ƙawa ko baƙon kwana ɗaya, idan kin ajiye masa abinci ki zauna. Ba sai kin yi magana mai ma'ana ba. Ki yi masa faɗa ma ya fi ƙarar cokali.

Tun daga saukarki Gwaggo ba ta yanke zumunci ba, kada ki zalunce ta. Tana zuwa barka, tana zuwa dubiya, tana zuwa gaisuwar salla. Amma duk ranar da ta shigo gidan nan azumi take. Ban san mai yawan nafila irinta a Katsina ba, kuma abin mamaki nafilar ba ta kamawa sai ranar da za ta zo wurina. Lokacin rasuwar Abbanki ta zauna da mu har aka tashi zaman makoki, daga gida ake kawo mata abin buɗa baki, har ruwan sha. Na gwada abin da zan iya. Na dafa na kai mata har ɗaki, na durƙusa, na ce, "Yaya, ki yafe mani abin da ya faru." Ta ce, "Mi ya faru, Malama? Ni ban san an yi komi ba." Ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta yi godiya har da addu'a, ta kira jikokin maƙwabta ta ajiye masu. Ta wanke kwanon ta zuba mani daddawa a ciki. Godiyar nan da hannu biyu na san ta. Irinta Innata take yi wa masu rabo.

Yanzu likita ya hana ta azumi saboda ciwon sukari, ya ce kada ta daɗe ba ta ci ba. Duk dangi sun sani, ita ma ta san mun sani. Duk da haka da kika je gayyata kin ce ta ce maki, "Uwata za ta tahi Habuja, ai dole in zo in sallame ta." Kin dawo kina murna kina cewa Gwaggo ta ce za ta zo. Ba ki ga abin da ta yi ba. Za ta shigo gidan nan karon farko ba tare da garkuwarta ba. Ko dai ta ci, ko ta ce ba ta ci a fili, ba da sunan ibada ba. Idan ta yi na biyun a gaban matan Ƙofar Guga, an gama. Ba faɗa za a yi ba, mu ba ma faɗa. Za a ci gaba da gaisawa da kyau, shi ke nan. Ranar da wani ya zo neman aurenki, baffanninki za su karɓe shi kamar masu sa hannu a takardar ofis. Ranar da na mutu za su zo su yi awa guda su ce akwai uzuri. Ke kuma ki zauna karɓar gaisuwa da ƙawayen da kika yi a Abuja, idan sun samu izinin aiki.

Ga abin da za ki yi. Idan ta iso ki tare ta tun daga ƙofa, ki karɓi jakarta, ki kai ta ɗakinki, ba nawa ba. Ki shimfiɗa mata darduma, kada ki ce ta hau kujera. Kada ki nuna mata tebur, kada ki yi mata bayaninsa. Zan ware ƙullu daban wanda ba sukari a ciki, zaƙin ayabar ya isa, zan kuma soya shi da laushi saboda haƙoranta. Kaɗan za ki ɗauka, ba don ƙoshi ba ne. Ki haɗa da tuwon shinkafa da miyar taushe a kwano mai murfi, ba faranti ba, da ruwan wanke hannu. Ke za ki ɗauka. Ba 'yar aiki ba, ba ƙawarki mai dogon farce ba. Ki shiga ki saki labule, don ba ta ci ana kallo. Ki ajiye wayarki a waje.

Za ta ce ta ƙoshi. Kada ki ce "to Gwaggo" ki tashi, kamar yadda na koya maki cewa idan mutum ya ce a'a a girmama ra'ayinsa. Ki manta da wannan darasin na rana ɗaya. Ki ce haba Gwaggo. Za ta ce wallahi ta ci a gida. Ki buɗe murfin, ki gutsura ki ci a gabanta, ki ce ba za ki iya ci ke kaɗai ba. Za ta tambaya wa ya soya. Kada ki yi ƙarya, tana gane hannuna. Ki ce Mama ce ta soya, ni na kawo. Daga nan ki yi shiru ki zauna. Za a yi ta kiranki a waje, ƙawayenki za su so hoto, zoɓo zai ƙare, wani zai fasa kofi. Ki bar su. Ai ɗebi-da-kanka ne, su ji da kansu.

Ni ba zan shigo ba. Zan gaishe ta a tsakar gida in koma gaban kasko. Idan ina wurin ba za ta iya ba, ko tana so, don cin zai zama kamar ni ta yafe wa, ita kuwa ta riga ta ce ba a yi komai ba.

Gaskiyar da ke raina, Ummi, ba na zaton za ta ci. Shekarun sun yi yawa, kuma mutum idan ya daɗe yana riƙe da abu, hannun yakan sandare a haka. Ke ma ba na zaton za ki jure zaman. Ni na rene ki, na san iya haƙurinki, irin nawa ne. Na koya maki ki tsaya da ƙafarki, kada ki jira kowa, kada ki roƙi kowa, kin kuwa koya fiye da yadda na so. Za ki tafi garin da kowa ke zuba wa kansa, ki yi fice a can, ki dawo ɗaki da abinci a leda ki ci kina kallon waya, kuma ba za ki ji wani abu ya ɓace ba. Wannan ya fi komai tsorata ni. Ni aƙalla na san abin da na rushe. Amma duk da haka ki gwada. Idan ta ci ko loma ɗaya, kada ki fito da gudu ki gaya mani, kada ki bari fuskarki ta nuna wa kowa. Ki raka ta har mota, ki ƙulla mata sauran. Idan kuma ba ta ci ba, ki raka ta haka nan, ki durƙusa ta sa maki albarka, don wannan ba za ta hana ki ba. Ki tafi Abujarki. Laifin ba naki ba ne.

Allah ya kai ki lafiya, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin kaɗaici. Allah ya ba ki maƙwabta masu ƙwanƙwasa ƙofa. Allah ya jiƙan Abbanki da Innata, ya ba Gwaggonki lafiya, ya sassauta zukatanmu gaba ɗaya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki kira ni idan kin sauka.

Idan an watse ranar Asabar kada ki damu da ni, ki je ki ƙarasa haɗa kayanki. Zan ga abin da ya rage a tebur in zuba wa kaina. Na saba.

Wassalam.

Mahaifiyarki.